Mazan Jiya Na Kudancin Kano

Yaƙin Hitila ya tashi cikin shekara ta 1939, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Da Turawa suka bukaci soja, ta hannun En'e suka bi, Sarki ya aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai. Ta haka samarin ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada suka ajiye fartanya, waɗansu da son ransu, waɗansu kuwa bisa umurni.

Cikin 1941 sojan Nijeriya suka fatattaki Italiya tun daga Mogadishu har Habasha. Cikin 1943 aka ƙetare teku da su zuwa Indiya, suka kutsa kurmin Bama da kaya a ka, suka kara da Jafan, har suka ci Myohaung a Janairu 1945. Na gida kuma aka matsa musu noman gyaɗa da haƙar kuza, irin ta Riruwai a ƙasar Doguwa.

Waɗanda suka tsira yawancinsu sun komo cikin 1946, sauran suna kwance a baƙuwar ƙasa. Alƙalamin En'e ne ya rubuta sunayensu ran tafiya, ba ya kyautuwa magadansa su bari su ɓace. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.