Amsar Wasiƙunku: Tarihin tseren keke na mata huɗu a jere

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Maigatari. Ya ce shi da maƙwabcinsa sun ga wani tsere a talabijin, mata huɗu a kan kekuna suna bin juna taya da taya, babu mai wuce wata. Shi maƙwabcin ya rantse an ɗaure kekunan ne da waya, kuma wai wasan yara ne da aka ƙago don kada mata su yi ƙorafi. Har sun sa goro a kan maganar, suna son mu raba gardama.

To Malam, babu waya babu igiya. Su huɗun nan ƙungiya ɗaya ce, ba da junansu suke tsere ba. Abokan karawarsu wasu huɗu ne da suka tashi daga ɗaya gefen filin, kowane ɓangare yana farautar ɗan'uwansa. Filin na katako ne, gefensa a tashe kamar akushi, zagaye ɗaya mita 250. Sau 16 ake zagayawa, kilomita 4 ke nan. Waɗanda suka riga gamawa, ko suka cim ma abokan karawar daga baya, su suka ci. Kekunan ba su da birki, kuma ba a iya sakin feda a huta, muddin taya na juyawa sai ƙafa ta juya.

Dalilin jerin nan iska ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da buhun gero yana fuskantar iskar hunturu ya san abin da nake nufi. Ta gaba ita ke shan wahalar keta iskar, na baya suna fakewa da ita. In ta gaji sai ta hau gefen akushin, sauran su wuce ta ƙasa, ta sauko ta manne a ƙarshe. Sannan ba a tsai da agogo sai ta uku ta tsallake layi. Saboda haka gwanar da ta fi kowa ƙarfi, in ta yi gaba ta bar 'yan'uwanta, ta yi aikin banza. Kamar gayya ce, ba a tashi don mutum ɗaya ya kai ƙarshen kunyarsa.

Yanzu ga tarihi. Maza sun fara wannan tsere a wasannin Olamfik tun 1908 a Landan, aka mai da shi mita 4,000 a 1920. Mata kuwa ba a ba su gasar duniya ta keke ba sai 1958, ita ma ta ɗaiɗaiku. Olamfik bai karɓe su ba sai 1984, a tseren kan titi a Los Anjalis. Filin katako sai 1988.

A nan zan ɗan daɗe a kan wata mata, domin ita ce amsar maƙwabcinka. Sunanta Beryl Burton, 'yar Ingila, an haife ta a 1937. Ba 'yar masu kuɗi ba ce, aikin gona take yi a yankin Yokshaya, tana sunkuye tana ɗaukar kaya, rani da sanyi, in ta tashi ta hau keke. Sau biyar tana cin gasar duniya ta farautar juna ta mutum ɗaya-ɗaya, tsakanin 1959 da 1966. A 1967 aka yi tseren awa 12 a ƙasarsu, ta yi tafiyar da ta kai kilomita 446, kwatankwacin Kano zuwa Abuja. Ta wuce namijin da ke kan gaba, har ta miƙa masa alewa tana wucewa, ya karɓa. Shekara biyu babu namijin da ya kamo wannan nisa nata. Amma ba ta taɓa zuwa Olamfik ba. Lokacin da aka buɗe wa mata ƙofa tana da shekara 47. Ta rasu a 1996, a kan kekenta. A ganina ba ƙarfi matan suka rasa ba, wuri aka hana su.

Shi tseren ƙungiya na mata sai a 2008 aka fara shi a gasar duniya a birnin Mancesta, mata uku-uku, mita 3,000, Birtaniya ta ci. A wannan shekara dai a Olamfik na Beijin, maza na da tsere bakwai a filin katako, mata uku kacal. Surutu ya yi yawa, sai aka daidaita, biyar da biyar. Sai dai ba kyauta aka samu ba, don an soke wasu tsofaffin tsere, ciki har da irin wanda Beryl ta yi suna a kai. Har yau akwai masu jin haushin wannan, kuma ban ga laifinsu ba.

Ran 4 ga Agusta, 2012, a Landan, shekara 104 bayan maza, aka ba da zinariyar farko. Dani King da Laura Trott da Joanna Rowsell na Birtaniya suka ɗauke ta cikin minti 3 da daƙiƙa 14, Amurka ta biyu, Kanada ta uku. Ita Joanna tana da wata larura da ke zubar da gashi tun tana yarinya, haka ta hau dandamali da kanta a buɗe, ba ta ɓoye ba.

Daga ƙarshen 2013 aka mai da su huɗu-huɗu, kilomita 4, daidai da maza. Birtaniya ta sake ci a Riyo ta Barazil a 2016 da minti 4 da daƙiƙa 10. A Tokiyo a 2021 matan Jamus suka karɓe da minti 4 da daƙiƙa 4. Ka lissafa, gudun ya kai kusan kilomita 59 a awa ɗaya, daga tsaye aka tashi, kuma tsakanin taya da taya bai kai taƙi ɗaya ba. Ga abin da za ka kai wa maƙwabcinka: mazan Jamus da suka ci zinariya a Basalona a 1992 minti 4 da daƙiƙa 8 suka yi. Gaskiya kekuna da filaye sun canja ƙwarai tun daga lokacin, dole a faɗi wannan, amma agogo dai agogo ne. A Faris a 2024 Amurka ta ci, Niyu Zilan ta biyu, Birtaniya ta uku.

Ka kuma tambaya ko akwai namu a ciki. Akwai filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A Faris kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya, amma a tseren mutum ɗaya, kuma da keken da Jamusawa suka ara mata ta shiga filin katakon. Tseren ƙungiya ba a yin sa da aro, yana bukatar mata huɗu masu ƙarfi kusan ɗaya, da kekuna masu tsada, da shekaru ana horo tare har kowace ta san numfashin 'yar'uwarta.

Saboda haka Malam, goro naka ne. A gaida mutanen Maigatari, sai mun ji daga gare ku.