Allura da Lokaci: Tarihin Saurin Ɗinkin Ado na Hannu a Turai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai riga wurin mai aikin hannu ya san tambayar da ke biyo bayan ciniki, wato "Yaushe zan dawo?" Ita wannan tambaya tana da nata tarihi. A ƙasashen Turai akwai mutane da yawa, galibinsu mata, waɗanda suke ɗinkin ado don sha'awa, ba don neman abinci ba. Idan suka haɗu, abin da suka fi tambayar juna shi ne wata nawa aiki kaza ya ci, kuma me ya sa wance ta fi wance sauri. Wannan takarda za ta bi diddigin wasu sanannun ayyuka na allura daga ƙarni na 11 zuwa yau, domin a ga abubuwan da ke sa aiki ya yi sauri ko ya daɗe. Daga ƙarshe za a waiwayi ƙasar Hausa.

A nan, "ɗinkin ado" na nufin duk wani zane da aka fitar a kan yadi da allura da zare, irin abin da Bahaushe ke kira surfani ko aiki. "Ɗinkin gicciye" kuwa wani nau'i ne da ake gitta zare biyu a kan juna kamar alamar X, ana ƙirga ƴan ramukan yadin ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Ƙyallen Bayeux

A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya yaƙi Sarki Harold na Ingila a Hastings, ya karɓe sarauta. Ba a daɗe ba aka ɗinka labarin wannan yaƙi a kan wani dogon ƙyalle na lilin, tsawonsa kusan mita 70, faɗinsa kuwa kamar santimita 50. Yana ɗauke da fage 58, da hotunan mutane sama da 600, da dawaki da jirage da rubutu cikin Latinanci. Yawancin masana tarihi suna ganin Odo, limamin cocin Bayeux kuma ɗan'uwan Wiliyam ta wajen uwa, shi ne ya sa aka yi aikin, kuma a Ingila aka ɗinka shi a cikin shekarun 1070. Rubutu na farko da ya ambaci ƙyallen shi ne lissafin kayan cocin Bayeux na 1476.

Abin lura ga wannan nazari shi ne dabarun da masu aikin suka bi don rage lokaci. Na farko, ba a kan yadi ɗaya suka taru ba. Ƙyallaye tara ne aka haɗa, abin da ke ba ƙungiyoyi dama su yi aiki a lokaci guda. Na biyu, ba su rufe yadin duka da zare ba, sun bar bayan hotunan fari. Na uku, wajen cika jikin doki ko rigar mayaƙi, sai su shimfiɗa zaren ulu jere-jere a saman yadin har ya rufe wurin, sa'an nan su gitta wasu zaruruwan a kai, su ɗaure su da ƙananan ɗinki. Ta haka kusan duk zaren yana fuskar yadin, ba a asarar ulu a baya, kuma wuri mai faɗi yana cika nan da nan. Ke nan tun a wancan zamani irin ɗinkin da aka zaɓa da yawan hannuwan da aka sa su ne suke yanke tsawon aiki. Masu ɗinkin dai ba su bar sunayensu a jikin ƙyallen ba.

3.0 Zane a Takarda da Ɗinkin Gicciye

Kafin zuwan ɗab'i, mai ɗinki takan koyi zane ne daga wata, ta ɗinka samfurinsa a kan wani ɗan ƙyalle ta ajiye don tuni. A 1523 Johann Schönsperger ya buga littafin zane-zanen ɗinki a birnin Augsburg na Jamus, daga nan irin waɗannan littattafai suka yaɗu a Turai. Duk da haka ƙyallen samfuri bai ɓace ba. Mafi tsufa cikin waɗanda aka yi a Ingila masu ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, na 1598, wanda ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Sannu a hankali wannan ƙyalle ya koma darasin makaranta. A ƙarni na 18 da na 19 yarinya takan ɗinka baƙaƙen abacada da lambobi da ɗinkin gicciye, ta sa sunanta da shekarunta a ƙasa. A wannan mataki ba sauri ake nema ba, haƙuri da tsabtar hannu ake koya mata.

A farkon ƙarni na 19 masu ɗab'i a Balin suka fara sayar da zane a kan takarda mai gida-gida, kowane gida da launinsa, kuma kowane gida yana tsaye ne a madadin ɗinki ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, domin ba sai mace ta iya zane ba, ƙirga kawai za ta yi. Bayan 1856, lokacin da William Perkin ya gano rinin zamani na farko a Ingila, zare mai launuka masu haske ya wadata a kasuwa. Matan gidajen masu hali, waɗanda suke da ƴan aiki kuma suke da lokaci, suka rungumi wannan ɗinki a matsayin abin ɗebe kewa.

Tsarin gida-gida ya kawo wani sabon abu, wato ya sa ana iya lissafa aiki tun kafin a fara shi. Misali, yadin da masu ɗinkin gicciye suka fi amfani da shi a yau yana da gida 14 a kowane inci. Hoton da tsawonsa da faɗinsa suka kai inci 10, wato kimanin santimita 25, yana buƙatar 140 sau 140, ɗinki 19,600 ke nan idan za a cika shi duka. In aka ƙaddara mai aikin tana yin ɗinki 100 a awa, za ta ci awa 196. Wadda take zama awa ɗaya kowane dare za ta yi fiye da wata shida, wadda kuwa take zama awa huɗu za ta gama cikin mako bakwai. Hannunsu ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowace ta samu. Yawan sauya launi ma yana jawo jinkiri, domin kowane sauyi sai an yanke zare an sake zura allura.

4.0 Zuwan Inji

A 1828 Josué Heilmann, mutumin Mulhouse a gabashin Faransa, ya ƙera injin surfani mai tafiyar da allurai masu yawa a lokaci guda, mutum ɗaya yana bin zane yana juya shi da hannu. A 1863 Isaak Gröbli na Suwizalan ya fito da wani injin mai amfani da ɗan ƙoshiya irin na keken ɗinki, wanda ya fi na farko sauri nesa ba kusa ba. Yankin St. Gallen ya zama cibiyar wannan sana'a, har a farkon ƙarni na 20 kayan surfani suka zama kan gaba cikin abin da Suwizalan ke fitarwa waje. Sana'ar ta ƙetara zuwa Lustenau a Ostiriya, garin da ya fara aika leshi zuwa kasuwannin Nijeriya tun shekarun 1960.

Inji ya raba masu aikin hannu gida biyu. Wadda take ɗinki don ta ci abinci ta shiga matsi, saboda ba ta iya gasa da inji a farashi. Wadda take yi don sha'awa kuwa ba abin da ya dame ta, domin ba mai jiran aikinta. A lokaci guda wasu masu fasaha a Ingila, irin su William Morris, suka tashi da kiran a farfaɗo da aikin hannu mai inganci. A cikin wannan yanayi ne aka kafa makarantar ɗinki ta Landan a 1872, wadda daga baya aka san ta da Makarantar Sarauta ta Aikin Allura.

5.0 Matan Leek

A 1885 Elizabeth Wardle, matar Thomas Wardle, wani mai masana'antar rini a garin Leek na Ingila, ta ƙudurta cewa ya kamata Ingila ta mallaki kwafin ƙyallen Bayeux. Mijinta ya rina ulu daidai da launukan asali, aka kwafi zanen daga hotunan da gidan tarihi na South Kensington ya tanada. Mata 35 suka raba aikin a tsakaninsu, suka gama a 1886, cikin shekara ɗaya da ƴan kai. Idan aka raba tsawon ƙyallen da yawansu, kowace ta ɗinka kamar mita biyu. Saɓanin masu aikin asali, kowace mace ta sa sunanta a ƙarƙashin rabonta. Akwai wani mutum tsirara a gefen ƙyallen asali wanda a kwafin ya fito da wando, domin tun a hotunan da aka ba su an riga an suturta shi. An zaga da kwafin garuruwa, sa'an nan a 1895 ya koma garin Reading, inda yake a gidan tarihi.

Wannan aiki ya nuna cewa masu ɗinkin sha'awa suna iya yin sauri idan an raba aiki, an ba su zane a shirye, kuma akwai shugaba mai bibiya. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

6.0 Misalai Biyu na Baya-bayan Nan

A 1968 Lord Dulverton ya ba da aikin ɗinka tarihin saukar sojojin ƙawance a Normandi ranar 6 ga Yuni 1944. Sandra Lawrence ta zana, ƙwararru 20 na Makarantar Sarauta suka ɗinka. Aikin yana da allo 34, tsawonsa mita 83, kuma ya ci shekara biyar. Wato kowace ƙwararriya ta yi ƙasa da mita ɗaya a shekara, alhali matan Leek sun yi kusan biyu. Wannan ba ya nufin ƙwararrun sun fi nawa. Allunan sun kusa ninka na Bayeux a faɗi, an rufe su baki ɗaya ba a bar fari ba, kuma an yi su ne da gutsattsarin yadi iri-iri da ake yankawa a ɗinke a kan juna. Darasi a nan shi ne mita ba ta isa ma'aunin saurin mai ɗinki ba.

Misali na biyu shi ne babban ƙyallen tarihin Sikotilan, wanda aka nuna a majalisar ƙasar a watan Satumba na 2013. Ƴan sa-kai kimanin 1,000 suka ɗinka allo 160, tsawon mita 143, cikin abin da bai kai shekara biyu ba. An ƙiyasta sun kashe sama da awa 50,000, wato fiye da awa 300 a kowane allo. Da mutum ɗaya ne, yana aiki awa takwas kullum ba hutu, da sai ya haura shekara 17.

7.0 Waiwaye a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa tarihin ya bi wata hanya dabam. Aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, sana'ar maza ce tun asali, kuma ta bunƙasa a ƙarni na 19 zamanin Daular Sakkwato, lokacin da sarakuna suke kyautar riguna. A nan ma akwai rabon aiki: masaƙi dabam, mai haɗa riga dabam, mai zane dabam, mai allura dabam. Riga mai cikakken aiki, musamman da zaren tsamiya, takan ci watanni. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan sana'a. Da keken surfani ya yaɗu, maza da yawa suka koma kansa, matan aure a birnin Zariya kuma suka karɓi aikin hannu suna yi a cikin gida tsakanin girki da reno.

Bambancin a fili yake. Baturiya mai ɗinkin sha'awa in ta shekara a kan hoto ɗaya ba ta yi asarar komai ba. Mai ɗinkin hula ko riga a Kano ko Damagaram kuwa, kowace rana da aiki ya ƙara a hannunsa ragi ce a ladansa, domin a kan riga ake ciniki, ba a kan awa ba. Ga kuma Salla da biki, waɗanda ba sa jiran kowa.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa abubuwa huɗu ne suka riƙa yanke saurin ɗinkin ado a tsawon tarihi: irin ɗinkin, da yawan masu aiki, da kayan aiki kamar zane da zare, da kuma lokacin da mai aikin yake da shi. Saurin hannun mutum yana biyo bayan waɗannan ne. Haka kuma an ga cewa tun daga 1828 aikin hannu ya daina gasa da inji a sauri, sai a inganci da daraja. Ƙyallen Bayeux, wanda UNESCO ta sa cikin kundinta na kayan tarihin duniya a 2007, ya kusa shekara 950, kuma a watan Yuli na 2025 Faransa ta amince ta ba Ingila aronsa. Zai kyautu ɗalibai su gwada irin wannan lissafi a gida: su sami mai ɗinkin hula a unguwarsu, su tambaye shi kwana nawa hula ɗaya take ci da awa nawa yake zama a kullum, sa'an nan su raba kuɗin hular da waɗannan awoyi su ga abin da ya rage masa.