Tarihin Fiɗar Gwiwa ta Ɗan Huji da Ciwon 'Yan Tsalle



Tsakanin ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri akwai wata jijiya mai kauri, wadda ita ke ɗaukar nauyin mutum duk sa'ad da ya yi tsalle ya dira. In aiki ya yi mata yawa sai ta kama ciwo daidai ƙarƙashin ƙoƙon, ciwon da kan yi shekaru, har ya raba saurayi da sana'arsa yana tsakiyar ganiyarsa. Martin Blazina da abokan aikinsa a Amurka su suka bayyana cutar filla-filla cikin 1973, da sunan gwiwar mai tsalle. Wani bincike da aka yi a Norwe, aka buga cikin 2005, ya same ta ga kashi 45 cikin ɗari na gwanayen ƙwallon raga, da kashi 32 na 'yan ƙwallon kwando.

Madubin da ake leƙa gwiwa da shi kuwa ya girmi wannan suna nesa. Cikin 1918 Kenji Takagi na Tokiyo ya zura madubin duba mafitsara cikin gwiwar gawa, yana neman hanyar gano tarin fuka na gaɓa tun da wuri. Almajirinsa Masaki Watanabe ya yi ta gyaran madubin, har cikin 1962 ya yanke yagaggen guringuntsi ta ɗan huji, ba tare da ya buɗe gwiwar ba. Robert Jackson, mutumin Kanada, ya je Tokiyo cikin 1964, ya koyi aikin a hannunsa, ya koma da shi Toronto. Ta nan fasahar ta bazu a Amurka ta Arewa.

To, amma gani daban, fahimta daban. An daɗe ana zaton kumburi ne tushen ciwon, alhali kuwa da Karim Khan da 'yan'uwansa likitoci suka bincika naman da aka ciro, cikin 1996, sai suka tarar zaruruwan jijiyar ne suka lalace suka wargaje, ba alamun kumburi na sosai. Ashe abin da ya ruɓe saboda gajiya ake ta yi wa maganin kumburi.

Wannan ya sa aka sake awon amfanin wuƙar kanta. Cikin 2000 wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa, ko an buɗe gwiwar ko an bi ta huji, kimanin rabin 'yan wasan ne kaɗai suka koma matsayinsu na dā, ko da yake yawancinsu sun sami sauƙi. Sa'an nan cikin 2006 Roald Bahr ya raba gwiwoyi 40 gida biyu a Norwe: wasu aka yi musu buɗaɗɗiyar fiɗa, wasu aka sa masu su tsugunawa a hankali bisa allo mai gangara. Bayan wata 12 fiɗa ba ta fi motsa jikin ba. Shawarar da suka bayar ita ce a jure wa motsa jikin mako 12 kafin a yi zancen wuƙa.

Duk da haka madubin bai rasa gurbinsa ba. A Umea ta ƙasar Suwidin, Hakan Alfredson da almajiransa sun daina taɓa jijiyar kanta, suka koma kankare bayanta kaɗai, inda sababbin hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suka tsiro, suna bin hoton na'ura mai aiki da sauti. Cikin 2011 suka ba da rahoto cewa waɗanda aka kankare wa sun fi waɗanda aka yi wa allura samun sauƙi da saurin komawa fili.

Saboda haka, ku da za ku zama likitoci da masu horad da 'yan wasa, kada ƙanƙantar huji ta ruɗe ku. Fiɗa fiɗa ce, kuma gurbinta yana bayan motsa jiki ya gaza. Yaron da ke gaggawar komawa fili, a gaya masa gaskiya tun da wuri: sannu ba ta hana zuwa.