Daga Kwabon Gaskiya Zuwa Shafin Farko na Google: Tarihin Yadda Rubutun Hausa Ke Neman Mai Karatu



Kafin mu shiga tarihi, kowa ya ɗauki wayarsa ya yi wani ɗan gwaji. Ku shiga Google ku rubuta "noman Rogo". Mu da muka san yammacin Jihar Kano muna nufin noman da ake yi a ƙaramar hukumar Rogo, maƙwabciyar Karaye. Injin bincike kuwa bai taɓa cin kasuwa a yankin ba, don haka hankalinsa ya fi karkata ga rogon da ake dafawa a ci da ƙuli. Wannan ɗan ruɗani ya isa ya nuna mana matsalar da marubucin yau ke ciki: bai wadatar a ce ka yi rubutu mai kyau ba, sai mai neman sa ya same shi. Matsalar kuma ba sabuwa ba ce. Kowane zamani na rubutun Hausa ya zo da nasa mai tsaron ƙofa, wanda ke tsakanin marubuci da mai karatu.

A zamanin ajami, ɗalibi da mai kwafe littafi su ne hanyar yaɗuwar rubutu. Malami zai yi talifi, almajirai su kwafa da hannu, fatake da matafiya su kai shi wasu garuruwa. Waƙoƙin wa'azi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun isa ƙauyuka ne ta bakin waɗanda suka haddace su. Rubutun da mutane suka ga amfaninsa shi ake wahalar kwafewa, domin takarda da tawada ba abin wasa ba ne a lokacin. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da boko ya zo, ƙofar ta koma hannun hukuma. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Waɗannan littattafai ba su sha wahalar neman masu karatu ba, domin makarantu ne kasuwarsu. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na editanta. Ku dubi sunan da kyau: ya faɗi farashi, ya kuma yi alkawarin cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin da aka biya daraja. Da wuya a samu taken da ya fi wannan iya kiran mai saye ba tare da yi masa ƙarya ba. Bayan haka aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC a 1966. Duk tsawon wannan lokaci, wanda edita a Zariya bai amince da rubutunsa ba, da wuya ya ga hasken rana.

Tsakiyar shekarun 1980 ne al'amarin ya juya. Tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa maza da mata suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da wasu da dama suka biyo. Yanzu mai tsaron ƙofa ya zama ɗan kasuwa mai rumfar littattafai a Kano, da dillalan da ke ɗaukar su zuwa kasuwannin ƙauye. A kan tebur ɗaya littafi zai yi gogayya da wasu gommai, kuma mai saye ba ya da lokacin karanta babi. Take da hoton bango su ke fara magana. Nan marubutan Hausa suka koyi dabarun jan ido: take mai sosa zuciya, da raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi daidai inda mai karatu ba zai iya haƙuri ba. Masana irin su Ibrahim Malumfashi suka kira wannan harka Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme kan ko kasuwa ta kashe adabi ko ta raya shi. Tambayar da suka yi jayayya a kanta ita ce dai ke gabanmu yau, illa dai rumfar ta koma cikin waya.

A daidai lokacin da ake wannan muhawara, can a Amurka ana ƙera sabon mai tsaron ƙofa. Injunan bincike na farko, irin su AltaVista da ya fito a 1995, sun fi dogara ga ƙirga kalmomi: shafin da ya fi maimaita abin da aka nema shi ke hawa sama. Nan da nan masu wayo suka gane. Sai mutum ya cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili, mai karatu ba ya gani amma inji na gani. A 1998 Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford, suka kafa Google a kan wata dabara da suka kira PageRank. Maimakon a tambayi shafi abin da yake faɗa game da kansa, sai a duba shafuka nawa ne suka sa mahaɗi zuwa gare shi, kuma su waye su. Abin ya yi kama da isnadi a wurin malamai, ko kuma yawan masu kwafe littafi a zamanin ajami: darajarka na hannun waɗanda suka ga ka cancanci a ambace ka.

Amma in an toshe rami ɗaya, ɓera na haƙa wani. Da Google ya fito da tsarin talla na AdSense a 2003, yawan maziyarta ya zama kuɗi kai tsaye. Aka fara saye da sayar da mahaɗai, aka kuma buɗe kamfanoni masu ɗaukar marubuta su zuba dubban gajerun maƙaloli marasa nama, kowace an ɗinka ta daidai da wata tambaya da mutane ke yawan yi. Google ya mayar da martani mataki-mataki. A 2009 ya sanar cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da mai shafi ke ɓoyewa a bayan fage. A watan Fabrairun 2011 ya fito da gyaran da aka sani da Panda, wanda ya durƙusar da shafuka masu rubutun holoƙo da na kwafe. A Afrilun 2012 Penguin ya bi ta kan masu mahaɗan bogi. Hummingbird a 2013 da BERT a 2019 sun ƙara wa injin fahimtar ma'anar jimla, ba ƙirga kalma kawai ba. A 2015 ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya. A Agustan 2022 kuma ya fito da gyaran da ke fifita rubutun da aka yi domin amfanin mutum. Wanda ya duba wannan jeri zai ga abu ɗaya: kowace dabarar yaudara ta ci kasuwarta na ɗan lokaci, sannan ta ci mai ita.

Mu a nan gida mun shigo wannan fage ne ta ƙofar waya. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, kuma akasarinmu a waya muka fara ganin intanet, ba a kwamfuta ba. Gidajen rediyon da iyayenmu suka saba da su, BBC Hausa da ta fara a 1957, da Muryar Jamus, da Muryar Amurka, da RFI, duk suka buɗe shafuka. Jaridu irin su Aminiya suka bi sahu. A ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara. Marubutan ƙagaggun labarai kuma suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad. Har laƙabi muka yi wa Google, muna ce masa matambayi ba ya ɓata.

Sai dai cututtukan da Turawa suka yi fama da su mu ma sun kama mu. Mun ga shafukan da ke kwashe littafin marubuciya sukutum su liƙa ba izini, su ci kuɗin talla ita ko sisi. Mun ga kanun da ke farawa da salati ko istirja'i kamar an yi babban rashi, ka shiga ka tarar ba komai, an dai cinye maka data. Mun ga maƙalolin lafiya da inji ya fassara ba wanda ya duba, har ma'anar ta juye. Mai yin haka yana samun danna ɗaya, amma ya rasa amana, kuma mai karatun da aka yaudara sau biyu ba ya komawa.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da harshenmu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo rubutun boko tun shekarun 1930, kuma an yi tarukan daidaita ƙa'idojin rubutu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Amma yawancin masu bincike ba sa sa lanƙwasa in suna rubutu a waya. Sai "kasa" ta tsaya a madadin ƙasa da kasa, "fada" ta tsaya a madadin fadar sarki da faɗa. Wasu sun ɗauka mafita ita ce a watsar da ƙa'ida gaba ɗaya. Mu ba mu ga haka ba. Madannin Hausa yana nan a wayoyi, kuma abin da ke warware ruɗani shi ne cikakkiyar jimla. Wanda ya rubuta "noman masara a ƙaramar hukumar Rogo ta Jihar Kano" ya taimaki inji, ya taimaki mutum, bai kuma ɓata harshe ba.

Yanzu mu dawo Karaye da Rogo, mu tambayi kanmu: me duniya ke nema game da wannan yanki, kuma wa ke ba ta amsa? Duk lokacin da aka fitar da sunayen masu yi wa ƙasa hidima, matasa daga kowane sashe na Najeriya na neman hanyar zuwa sansanin horo da ke Kusalla a Karaye. Masu nazarin ruwa da noman rani na neman bayani kan madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Masu bin siyasa sun nemi sunan Karaye a Mayun 2019 da aka ƙirƙiri masarautarta tare da na Bichi da Rano da Gaya, suka sake nema a Mayun 2024 da aka soke dokar, da kuma Yulin shekarar da aka dawo da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo. Mafi yawan abin da za su tarar da Turanci yake, kuma labarin rana ɗaya ne. Alhali Karaye tsohon gari ne da sunansa ya shiga littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Ina tarihin unguwanni da sarautu? Ina bayanin ranakun kasuwanni, da yadda masunta ke aiki a bakin dam, da yadda manomi ke lissafin taki da iri? Wannan ilimi yana bakin dattawa da manoma, kuma kullum ana binne wani sashe nasa.

Ga darasin da tarihi ya bar mana. Mu fara da tambayar da mutum na gaske ke yi, da kalmomin da yake yin ta. Take ya faɗi abin da ke cikin maƙala, kamar yadda sunan jaridar Imam ya yi. Amsa ta zo a sakin layi na farko, kada mu sa mai karatu ya ratsa dogon share fage da datarsa. Mu ambaci sunan gari da shekara da adadi in mun tabbatar, mu faɗi inda muka samo. Maƙala ɗaya ta ɗauki batu ɗaya ta gama da shi. Shafi ya zama mara nauyi, domin sabis a ƙauye ba kamar na birni ba ne. Sannan mu riƙa sa mahaɗi zuwa rubutun junanmu in ya cancanta, mu daina kwafe ba da ambato ba.

Ƙofar tana sake sauyawa a gabanmu. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Google kuma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar inji a saman sakamakon bincike a 2024, mutane da yawa na samun amsa ba tare da sun shiga shafin kowa ba. Wanda sana'arsa ita ce juya abin da wasu suka rubuta, inji ya riga ya fi shi sauri. Amma inji ba ya zuwa zaure ya gaida dattijo ya tambaye shi yadda aka kafa unguwa, ba ya kuma tsayawa a gona ya ga abin da tsutsa ta yi wa masara. Abin da aka rubuta kawai ya sani. In ba mu rubuta garuruwanmu ba, abin da baƙo ya faɗa a kansu shi zai zama tarihinsu.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya zaɓi tambaya ɗaya game da garinsu wadda ya nema a intanet bai samu amsarta da Hausa ba. Ya je ya tambayi waɗanda suka sani, ya rubuta kalmomi ɗari biyar, ya sa take na gaskiya, ya kawo mu duba tare.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya sa abin da muka rubuta ya amfane mu duniya da lahira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.