Tarihin kuɗin da lardunan Kanada ke karɓa a hannun masu neman zama

A taronmu na ƙarshen wata, wani dattijo daga cikinmu ya kawo kukan cewa ɗansa ya ba wani ejan kuɗi masu yawa, da sunan wai "kuɗin lardi" ne na zuwa Kanada, kuma har yau ba takarda ba kuɗi. Da muka tambayi wane lardi ne, ba uban ba, ba ɗan ba, babu wanda ya sani. Shugabanni suka ce sakatariya ta bi asalin wannan kuɗi ta rubuta wa jama'a. Mu da ke zaune a Legas mun san yadda maganar japa ta cika gari, kuma yanzu ta shigo gidajenmu. Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi samun takardar zaman dindindin a Kanada a 'yan shekarun nan.

Kanada tarayya ce mai larduna goma da yankuna uku. Tun a tsarin mulkinta na 1867, sashe na 95 ya raba ikon shigo da baƙi tsakanin gwamnatin tarayya da larduna, sai dai in an samu saɓani maganar tarayya ce a sama. Kusan shekara ɗari larduna ba su cika damuwa da wannan iko ba. Tarayya ce ke buɗe ƙofa da rufewa, kuma ita ce ta fara karɓar kuɗi a bakin ƙofar.

Farkon abin bai yi daɗi ba. Bayan 'yan ƙasar Sin sun gama aikin shimfiɗa layin dogo da ya ratsa ƙasar, a 1885 aka ɗora musu harajin kai na dala 50 ga duk wanda zai shigo. A 1900 ya zama dala 100, a 1903 ya kai dala 500, kuɗin da lebura zai yi kamar shekara biyu yana nema. An sa shi ne don a hana su zuwa, kuma a 1923 aka daina ɓoye-ɓoye aka hana su shiga kusan gaba ɗaya. Sai a 2006 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi afuwa a majalisa. Wannan tabo ne ya sa duk lokacin da aka ƙara wa baƙi kuɗi a Kanada, sai an tuno da harajin kai.

A 1967 aka kawo tsarin maki, inda ake duba ilimi da harshe da shekaru da sana'a maimakon launin fata. Lardin Kebek, mai magana da Faransanci, shi ya fara cewa zai zaɓi nasa baƙin. Ya kafa ma'aikatarsa a 1968, ya yi ta ƙulla yarjejeniya da tarayya har zuwa babbar yarjejeniyar 1991 da ta ba shi ikon zaɓen ma'aikatan da yake so. Sauran larduna suka ga haka suka ce su ma ba 'ya'yan bora ba ne. Kukansu kuwa yana da tushe, domin mafi yawan baƙi a Toronto da Montreal da Vancouver suke sauka, larduna irin su Manitoba da Saskatchewan kuwa matasansu na ta ƙaura, masana'antu na neman hannu. Manitoba ta fara gwaji a 1996 da masu ɗinkin keke da kamfanonin tufafi ke buƙata. A 1998 ita da Saskatchewan da British Columbia suka sa hannu a kan shirin da aka sani da PNP. New Brunswick da Newfoundland suka biyo a 1999, Alberta da Nova Scotia a 2002, Ontariyo kuwa sai a 2007 ta fara nata. Kebek da Nunavut ba sa ciki.

Yadda abin yake shi ne, lardi ba ya ba da biza. Zaɓenka kawai yake yi, ya ba ka takardar shaida cewa yana son ka. Tarayya ce ke duba lafiyarka da tarihinka ta yanke hukunci. Shi ya sa kuɗin ya kasu biyu, kuma a nan ne ejan-ejan ke rikita mutane.

A shekarun farko larduna da dama ba sa karɓar ko sisi daga ma'aikaci, saboda su ne masu roƙo. Manitoba ta yi kusan shekara 19 a haka, sai a 2017 gwamnatin Brian Pallister ta sa dala 500. Masu adawa sun kira shi sabon harajin kai, gwamnati ta ce za ta zuba kuɗin a hidimar sababbin zuwa. Labarin Alberta ya fi nuna inda iska ta kaɗa: kyauta ne har zuwa Oktoban 2020, lokacin da aka sa dala 500, a Afrilun 2024 ya koma 840, bayan shekara ɗaya ya zama 1,500. Saskatchewan ta ɗaga nata daga 350 zuwa 500. Ontariyo ta daɗe a kan 1,500, ko 2,000 ga mai takardar aiki a yankin Toronto. Prince Edward Island ta daɗe tana karɓar 300, New Brunswick 250. Duk dalar Kanada muke nufi, ba ta Amurka ba.

Me ya sa farashi ya yi ta hawa? Hujjar larduna ita ce kuɗin duba takardu da binciken masu zamba bai kamata ya hau kan mai biyan haraji ba. Ba mu ce ƙarya ba ce. Amma a ganinmu babban dalilin shi ne mai roƙo ya zama wanda ake roƙo. Tun da aka kawo Express Entry a Janairun 2015, wanda lardi ya zaɓa yana samun ƙarin maki 600 cikin 1,200, wato kusan ya gama. Daga nan takardar lardi ta zama zinariya. Shirin da ya fara da 'yan ɗaruruwan mutane ya kai ga an ware masa gurbi 110,000 a 2024. Sannan a Oktoban wannan shekara tarayya ta zaftare na 2025 zuwa 55,000. Gurbi ya ragu, masu nema sun ƙaru, kuma ko an ninka kuɗi layi ba zai gajarta ba.

Akwai wani babi da ya kamata masu hali daga cikinmu su karanta da kyau, domin 'yan kasuwa aka fi cuta. Tsakanin 2002 da 2006, Nova Scotia ta gudanar da wani tsari ta hannun kamfani mai zaman kansa, inda baƙo ke biyan dala 130,500, a ciki har da 100,000 na wai koyon kasuwanci na wata shida a wani kamfanin gida. Da yawa sun biya ba su koyi komai ba. Babban mai binciken kuɗi na lardin ya bankaɗo ɓarnar, aka yi ta shari'a da mayar da kuɗi. Prince Edward Island ma ta rufe wani tsarinta na 'yan kasuwa a 2018, mai ajiyar dala 200,000, bayan an gano ɗaruruwan mutane sun rubuta adireshi iri ɗaya alhali ba sa zaune a lardin. In a can cikin gida an yi haka da sa hannun hukuma, to ina ga wanda ke zaune a shago a nan yana cewa ya san hanya?

Kuɗin tarayya kuwa daban ne. A 1995 aka ƙirƙiro kuɗin samun izinin zama na dala 975 a kan kowane babba. A 2000 aka yafe wa 'yan gudun hijira, a 2006 aka rage shi zuwa 490, daga baya ya dinga hawa har ya kai 575 a Afrilun 2024. A lokacin kuɗin duba takarda ya zama 950, jimilla 1,525 ga mutum ɗaya, ban da dala 85 ta ɗaukar hoton yatsu, da jarrabawar Turanci, da tantance takardun makaranta, da gwajin asibiti. Mu kuma nan naira ta ƙara mana nauyi. A 2015 dalar Kanada ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma; a 2024 ta haura naira 1,000. Don haka mai neman Alberta a kan wancan farashi, shi kaɗai ba mata ba yara, sai ya tanadi sama da naira miliyan uku na gwamnatoci biyu kawai.

Daga wannan tarihi, ga abin da ya shafi ɗan dattijonmu. A mafi yawan larduna, shigar da suna don nuna sha'awa kyauta ne. Sai an gayyace ka sannan ka biya, kuma a shafin intanet na gwamnatin lardin ake biya, da kati, a ba ka rasit da sunanka. Kuɗin lardi ba a cika mayar da shi ba in an ƙi ka bayan an fara duba takardarka, amma kuɗin izinin zama na tarayya ana mayarwa. Mai ba da shawara a kan kuɗi dole ya kasance mai izini, kamar lauyan Kanada ko mai lasisin hukumar CICC, wadda ta fara aiki a 2021, kuma ana iya duba sunansa a rajistarsu. Yaron bai samu gayyata daga kowane lardi ba, ke nan babu kuɗin lardin da ya hau kansa.

Farashin nan yana canzawa, wani lokaci a cikin shekara ɗaya, don haka a duba shafin lardi kafin a fitar da kobo. Duk wanda aka ba wata takarda yana shakka, ya kawo ta ofishin ƙungiya ranar Asabar bayan la'asar mu duba tare. Kwamitin sulhu kuma zai zauna da dattijon a mako mai zuwa kan batun karɓo kuɗinsa. Allah ya sa mu dace.

Sakatare