Wasannin Gem Na Finafinai Da Ba Su Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Duk wanda ya taso a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu ya san kaset ɗin gem ɗin nan da ake sarowa daga Alaba, wanda ake rubuta wa wai wasa dubu ne a ciki, in ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. A cikin irin kaset ɗin da suka iso hannunmu akwai na finafinai, kamar Batman da RoboCop. To ashe akwai wasu da aka biya kuɗin lasisinsu, aka yi aikinsu, wasu har aka yi tallarsu a mujallu, amma ba a taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Ni a ganina ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane dalili. Gem ɗin da aka ɗora a kan fim tamkar tumatir ne a Mile 12, yana da ranarsa, in ta wuce sai asara. Kamfani zai biya masu fim kuɗin suna tun kafin a fara aiki. Sannan a zamanin NES, Nintendo ce da kanta take buga kaset ɗin waɗanda ta ba lasisi, sai ka ba da kuɗi kafin ka ga kaya, ka kuma jira wata da watanni, kuma ba ta yarda kamfani ya fitar da fiye da wasa 5 a shekara ba. Idan fim ya bar sinima mutane suka manta da shi, gara ka haƙura da abin da ka riga ka kashe da ka ƙara zuba jari a kan kwantai.

Wanda ya koya musu wannan tsoro shi ne E.T. na kamfanin Atari. Shi kam ya fito, a ƙarshen 1982, bayan an ba Howard Scott Warshaw kimanin sati 5 kacal ya haɗa shi don a riski cinikin Kirsimeti. Aka buga fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, masu shaguna suka yi ta mayar da kaya. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta faɗi warwas, har Atari ta kwashi kaset sama da 700,000 na wasanni daban-daban ta binne a juji a garin Alamogordo. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce sai da aka tono wurin a 2014.

A wannan shekara ta 1983 ne kamfanin Parker Brothers ya ajiye Ewok Adventure, wanda aka yi a kan fim ɗin Return of the Jedi, bayan aiki ya yi nisa. Samfurinsa bai ɓullo ba sai 1997. Haka shi ma Akira na Mega Drive, wanda THQ ta nuna wa jama'a a 1994: ya ɓace, sai a Disambar 2019 masu shafin Hidden Palace suka saki samfurin da ba a gama ba.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Days of Thunder, fim ɗin tseren mota na Tom Cruise na 1990. Kamfanin Mindscape ya sa wani ma'aikacinsa mai suna Chris Oberth ya haɗa gem ɗin don NES. Ya yi aikin, amma daga baya kamfanin ya fitar da wani daban da Beam Software ta ƙasar Ostareliya ta yi, aka jingine na Oberth. Ka duba fa, ba a fasa cinikin ba, kayansa kawai aka ƙi ɗauka. Ya rasu a 2012 ba tare da 'yan wasa sun taɓa ganin aikin ba.

A 2020 tarkacen kwamfutocinsa da tsofaffin faifan fulofi suka isa hannun ƙungiyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa a 2017. Ba su sami kaset ba. Abin da suka samu shi ne ajiyar da Oberth ya kwafe daga kwamfutarsa, a rarrabe cikin faifai 21, masu kusan shekara 30. Sai da Rich Whitehouse ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa, ya zaƙulo ainihin rubutun da aka gina wasan da shi, sannan ya sake gina shi har mota ta motsa a allo. Wanda ya taɓa ganin yadda danshin damina yake cinye kaset ɗin bidiyo a shagunanmu na nan Kudu ya san ba ƙaramar sa'a aka yi ba da faifan suka karantu.

Da yardar iyalan mamacin aka saka rubutun wasan a intanet kyauta, aka kuma buga 'yan kaset kaɗan na sayarwa, kuɗin aka ba matarsa.