Jar Fitila da Amanar Rayuka: Tarihin Kamfanin CRSC na Ƙasar Sin

Idan muka waiwayi tarihin jirgin ƙasa, za mu tarar cewa rayukan fasinjoji sun rataya ne a kan fitilun da ke umartar direba ya tsaya ko ya wuce. Kamfanin CRSC, mallakar gwamnatin Sin, ya samo asali a shekarar 1953 a ƙarƙashin Ma'aikatar Jiragen Ƙasa, domin tsara irin waɗannan na'urori da girka su. Da tafiya ta yi tafiya, ya zama jigo wajen sarrafa zirga-zirgar jiragen da ke gudun kilomita 300 a sa'a.

A ranar 23 ga Yuli, 2011, tsawa ta lalata wata na'urarsa kusa da birnin Wenzhou. A ƙa'ida, lalatacciyar na'ura ja take nunawa, amma wannan sai ta nuna kore. Jirgi ya afka wa na gabansa, mutum 40 suka rasu. Binciken hukuma ya ɗora laifin a kan kuskuren ƙira da sakacin jami'an da suka amince da na'urar.

Kamfanin ya farfaɗo, har ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2015. Abin lura a gare mu shi ne, inda gwamnati ce maƙeriya, ita ce mai saye, ita ce kuma mai dubawa, aibin kaya kan daɗe a ɓoye.